Yadda Na Haɗa Direbobin Rumbun Bayanai da Kayan Kula da Shi a Ƙunshi Ɗaya da Tomcat

A ƙarshen daminar 2023 shugaban sashenmu ya ɗora mini wani aiki da na zaci ba zai ci mini fiye da mako guda ba, wato in tattara duk abin da manhajarmu take bukata kafin ta tashi, in zuba shi a ƙunshi ɗaya wanda ma'aikacinmu zai ɗauka a filashi ya je ya girka ba tare da ya nemi intanet ba. Manhajar ta adana bayanan ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta ce, an rubuta ta da harshen Java, tana gudana a kan sabar Apache Tomcat 9, wato manhajar da take ɗauke da ita tana miƙa shafukanta ga masu amfani. Bayanan kansu suna zaune a cikin rumbun bayanai na PostgreSQL a mafi yawan makarantun da muke yi wa aiki, in ban da guda biyu da muka tarar da wani rumbun mai suna MySQL tun kafin zuwanmu, saboda manhajar albashin da suke amfani da ita. Kafin wannan lokaci abin da muke ba mai girkawa takarda ce mai ɗauke da adireshin kowane fayil da zai sauke, kuma sau da yawa yakan isa makaranta ya tarar sabis ɗin wurin ba zai iya sauke ko da ƙaramin fayil ba, ko kuma ya sauke sigar da ya fara cin karo da ita, har ta kai kowace makaranta tana da nata irin haɗin da ba wanda ya san shi sai ranar da matsala ta taso.

Ga wanda bai saba da wannan fanni ba, direba a nan ƙaramin fayil ne da yake aikin tafinta tsakanin manhaja da rumbun bayanai. Manhajar Java tana magana da ƙa'ida ɗaya da ake kira JDBC, amma kowane rumbu yana da irin yarensa a kan hanyar sadarwa, don haka direban PostgreSQL daban, na MySQL daban. Fayil ɗin na PostgreSQL bai wuce kimanin megabayit ɗaya ba, amma idan babu shi manhajar ba ta iya karanta ko da sunan ɗalibi guda. Tomcat kuwa ba ya zuwa da direban kowane rumbu, kuma a wannan ya bambanta da wasu takwarorinsa: WildFly yana zuwa da ƙaramin rumbun H2 da aka riga aka haɗa masa domin gwaji, GlassFish yana zuwa da Derby, ita ma Java ɗin kanta ta yi shekaru tana tafe da Derby ƙarƙashin sunan Java DB daga siga ta 6 zuwa ta 8 kafin a cire shi. A da ina ganin wannan rashi a matsayin rowa ce daga masu Tomcat. Sai da na zauna zan yi nawa ƙunshin sannan na fara fahimtar nauyin da mutum yake ɗauka idan ya ce zai raba wa jama'a kayan da ba shi ya ƙera ba.

Abin da ya fara tsayar da ni lasisi ne, wanda ban ma sa shi cikin lissafina ba. Direban PostgreSQL yana ƙarƙashin lasisin BSD mai sharaɗi biyu, wanda bai nemi komai ba illa a bar sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin su bi fayil ɗin duk inda ya je. Shi kuwa direban MySQL, wato Connector/J, yana ƙarƙashin GPL siga ta 2, lasisin da yake neman manhajar da aka haɗa aka raba da shi ita ma ta zama a buɗe, tare da wani sassauci da aka yi domin manhajojin da su ma a buɗe suke ga kowa. Tamu manhajar ba a buɗe take ba, sayar da ita muke yi. Muddin mai makaranta ne ya sauke direban da kansa ya sa a kwamfutarsa, wannan tsakaninsa ne da masu direban, amma da zarar mun cusa shi a ƙunshinmu mun miƙa, mun zama masu rarrabawa, sharuɗɗan rarrabawa kuma sun hau kanmu. A nan ne na gano cewa gidauniyar Apache, masu Tomcat, ita ma tana da ƙa'idar da ta hana sanya kayan GPL da na LGPL a cikin abin da take fitarwa. Na kai wa shugabanmu maganar, ya ce, "Malam, kada ka jawo mana abin da zai kai mu gaban lauyoyi saboda makarantu biyu. Ka duba ko akwai wata hanya." Hanyar da na samu ita ce direban wani rumbu ɗan uwan MySQL mai suna MariaDB, direban da yake ƙarƙashin LGPL 2.1 kuma yana iya magana da sabar MySQL. Wannan lasisi ya yarda a raba fayil ɗin tare da manhajar da ba a buɗe take ba, matuƙar an bar shi a matsayin fayil mai zaman kansa da za a iya musanyawa, an kuma haɗa da rubutun lasisin da hanyar samun tushensa. Abin da ya rage shi ne gyara adireshin haɗi, domin daga siga ta 3 direban yana amsa adireshin da ya fara da jdbc:mariadb ne, ba ya karɓar mai farawa da jdbc:mysql sai an ƙara masa izini na musamman.

Bayan lasisi sai batun inda za a ajiye direban, kuma a nan na fi ɓata lokaci, na kuma fi koyon abu. Tomcat yana da wurare biyu da fayil irin wannan zai iya zama. Akwai foldar lib ta sabar gaba ɗaya, wadda duk manhajojin da ke kanta suke gani, akwai kuma WEB-INF/lib da ke cikin kowace manhaja, wadda ita kaɗai take gani. Shekara da shekaru direbanmu yana cikin ta biyun, domin Maven, kayan aikin da muke gina manhajar da shi, shi ne yake jefa shi can a duk lokacin da muka gina manhajar. Amma ni ina son Tomcat ne da kansa ya riƙe tarin hanyoyin haɗi da rumbun a buɗe, yana ba manhajar aro tana mayarwa, a rubuta adireshin rumbun da sunan mai shiga a fayil ɗin context.xml, ta yadda mai girkawa zai gyara wuri ɗaya kawai ba tare da ya taɓa manhajar ba. Tun da sabar ce za ta buɗe haɗin, dole ita ce za ta ga direban, don haka na kwafe shi zuwa lib. Na manta ban cire na cikin manhajar ba.

Kwana biyu komai yana tafiya daidai, ana shiga, ana rubuta ɗalibi, ana fitar da rasit. Sai da na gwada sashen da yake shigar da dubban sunaye a lokaci guda daga fayil, wanda yake amfani da umarnin COPY na PostgreSQL, sannan manhajar ta tsaya cik da wani saƙo mai ban mamaki, wai ba za a iya ɗaukar haɗin PostgreSQL a matsayin haɗin PostgreSQL ba. Na karanta layin ya fi sau goma ina zaton idona ne. Ashe a wurin Java suna ɗaya bai isa ya sa abu biyu su zama ɗaya ba, sai in mai lodawa ɗaya, wato sashen da yake ɗauko fayilolin manhaja, ne ya ɗauko su. Haɗin da Tomcat ya buɗe ya fito ne daga direban da ke lib, ita kuwa manhajar, da yake Tomcat yana sa ta fara duba jakarta kafin ta sabar, ta ɗauko ma'anar sunan daga nata kwafin. Fayil iri ɗaya ne, siga ɗaya, amma Java ta ɗauke su baƙin juna. Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin Maven, inda na nuna cewa sabar ce za ta samar da direban, kada a sa shi cikin manhajar. Da na yi haka sai wani gargaɗi da muka daɗe muna gani muna wucewa shi ma ya ɓace, wanda Tomcat yake rubutawa duk lokacin da aka sauke manhajar, yana cewa ta yi wa direba rajista ba ta soke ba, shi ya soke da ƙarfi don kada ƙwaƙwalwar sabar ta riƙa zurarewa.

A wannan fayil na context.xml na kuma kama wani tsohon kuskure namu. Mun gaji layin saitin ne tun zamanin Tomcat 7, inda ake rubuta iyakar yawan haɗi da sunan maxActive. Daga Tomcat 8 sunan ya koma maxTotal, kuma idan aka rubuta tsohon, sabar tana yin gargaɗi ne kawai ta yi watsi da shi ta koma kan adadinta na asali, wato 8. Mu muna zaton mun buɗe hanyoyi 40, ashe takwas ne, abin da ya bayyana mini dalilin da ya sa a makon biyan kuɗin makaranta akawu yakan ce shafi ya tsaya yana juyawa. Na gyara sunan na sa 30, ina la'akari da cewa PostgreSQL yana zuwa da iyakar haɗi 100, kuma dole a bar wa kayan ajiyar kwafi da mai kula da rumbun nasu gurbin.

Sai zaɓen sigar direban. Wanda na tarar a cikin aikinmu tsoho ne ƙwarai, daga jerin 9.4, tun kafin masu shi su canza tsarin lambobinsu a 2017 su fara daga 42 domin mutane su daina zaton dole lambar direba ta yi daidai da ta rumbu. Yana aiki a tsofaffin makarantunmu ne kawai saboda kalmomin sirrinsu an adana su da tsarin MD5. PostgreSQL 10 ya kawo sabon tsarin tantance kalmar sirri mai suna SCRAM-SHA-256 a 2017, siga ta 14 kuma da ta fito a Satumban 2021 ta mayar da shi abin da ake samu tun daga girkawa, alhali direban bai iya wannan tsari ba sai daga 42.2.0. Da na gwada tsohon a kan sabon rumbu, ya ce bai san nau'in tantancewa mai lamba 10 ba. Akwai gajeriyar hanya, wato a mayar da rumbun kan MD5 a sake rubuta kalmar sirri, kuma na tarar wani daga cikinmu ya taɓa yin haka a makaranta ɗaya don ya samu ya dawo gida kafin dare. Ban zarge shi ba, amma ban yarda ƙunshin da zai fita da sunanmu ya raunana tsaron rumbun mutane domin ya dace da tsohon fayil ba. Na ɗauki direba daga jerin 42.6, na gwada shi a kan kowace sigar PostgreSQL da muke da ita a makarantu, na rubuta lambarsa da lambar tantancewarsa ta SHA-256 a wata takarda da na sa cikin ƙunshin.

Kayan kula da rumbu su ne suka kawo muhawara a ofis. Abokan aikina biyu sun so a sa pgAdmin 4, allon kula da PostgreSQL mai hotuna, a kuma buɗe shi ta burauza, domin duk wanda ya je gyara ya zauna a kowace kwamfuta ta makarantar ya leƙa cikin teburan bayanai. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin haka ƙunshin sabar nan na XAMPP yake zuwa da irin wannan allo mai suna phpMyAdmin, kuma da yawanmu da shi muka koyi aiki. Ni kuwa na ƙi, saboda dalilai biyu. Na farko, pgAdmin 4 manhaja ce cikakkiya da aka gina da Python, tana da nata tarin kayan da take dogaro da su, kuma girmanta ya ninka na Tomcat da direbobin gaba ɗaya sau da yawa, ga shi kowane ɓangare nata zai zama abin da za mu riƙa bibiya muna sabuntawa. Na biyu, ƙofar da take kaiwa kai tsaye ga bayanan kuɗi da na yara, a kan hanyar sadarwar da kwamfutocin ɗakin koyon ɗalibai ma suke kanta, ba ƙofar da za a bari a buɗe ba ce don sauƙin ziyarar da ake yi sau biyu a zango. Na tuna musu abin da aka bayyana a Janairun 2022 game da allon kula da H2, inda aka gano ɓarakar da za ta ba baƙo damar gudanar da umarninsa a kan sabar idan an buɗe allon ga sauran kwamfutoci, makonni kaɗan bayan tashin hankalin ɓarakar da aka gano a Log4j, wani kayan aikin Java, a Disamban 2021. An toshe ɓarakar H2 ɗin a siga ta 2.0.206, amma waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda H2 ya shigo musu a cikin wani ƙunshi ba su ma san yana nan ba.

Muka tsaya a kan kayan tagar umarni kawai, wato psql na aika wa rumbu umarni, pg_dump na ɗaukar kwafinsa, da pg_restore na mayar da kwafin, sai mysqldump, takwaran pg_dump a MySQL, da muka bar wa makarantun nan biyu su yi amfani da wanda ya zo da rumbunsu. Wanda yake son allo mai hotuna ya sa manhajar DBeaver a kwamfutarsa ta hannu ya shiga ta ramin SSH, wato killatacciyar hanyar shiga sabar, tare da sharaɗin ya nuna masa direban da ke cikin ƙunshinmu, domin shi DBeaver yakan nemi sauke direba daga intanet ne a haɗin farko, kuma a makarantar da babu sabis wannan yana nufin zaman banza. A kan Windows na koyi cewa psql.exe ba ya tashi shi kaɗai, sai an haɗa shi da libpq.dll da fayilolin OpenSSL da wasu 'yan ƙananan da yake kira, kuma ban gane na bar ɗaya a baya ba sai da na gwada a kwamfutar da ba a taɓa girka PostgreSQL a kanta ba. Tun daga ranar na ware wata tsohuwar kwamfuta da ake goge ta tas kafin kowane gwaji. Na kuma cire manhajojin misali da takardun bayani da Tomcat yake zuwa da su, na bar shafin Manager, wanda ake sarrafa Tomcat ta cikinsa, a yadda ya zo, ba ya amsa kowa sai wanda yake zaune a kan sabar.

Ƙunshin farko ya fita a Nuwamba, da kayan PostgreSQL 15 a cikinsa, tare da wani ɗan rubutaccen umarni da yake ɗaukar kwafin rumbun kowace rana bayan an tashi daga makaranta, ya ajiye a wani faifai na daban. Makarantu huɗu suka karɓa lafiya. Ta biyar sabuwa ce, kuma mai kula da kwamfutocinsu ya riga ya girka PostgreSQL 16, wanda ya fito a Satumban wannan shekarar. Manhajar ta tashi ba tare da wata matsala ba, domin direban yana magana da sigogin biyu, ma'aikacinmu ya ga fayil ɗin ajiya ya bayyana a folda da kwanan watansa, ya kamo hanya. Bayan kwana tara ya kira ni daga can, inda ya koma domin wani aiki dabam, ya ce, "Yaya, fayilolin ajiyar nan duk suna nan, amma kowanne girmansa sifili ne."

Laifin nawa ne ta fuska biyu. Ƙa'idar pg_dump a rubuce take, yana iya ɗaukar kwafin rumbun da ya girme shi, amma ba ya taɓa wanda babbar lambar sigarsa ta fi tasa, sai ya ƙi ya fita da saƙon rashin dacewa. Na san wannan, amma ban kawo a raina cewa wata makaranta za ta riga mu sabuntawa ba. Na biyun ya fi muni: umarnin da na rubuta yana buɗe fayil ɗin ajiya ne tun kafin pg_dump ya fara aiki, kuma bai duba ko aikin ya ƙare lafiya ba, don haka kowace yamma yana haifar da fayil mai suna mai kyau wanda babu komai a cikinsa. Allah ya rufa asiri faifan sabar bai lalace a waɗannan kwanaki ba, a wurin da wuta take ɗaukewa sau da yawa a yini, batirin da ke tare sabar kuma ba ya riƙe ta fiye da 'yan mintuna.

Tunanina na farko shi ne in musanya kayan da na 16 kawai, tun da sabo yana iya ɗaukar tsoho. Da na gwada sai na ga gyaran rabi ne. Kwafin da pg_dump 16 ya ɗauka a tsarinsa na musamman, pg_restore 15 ba ya buɗe shi, yana cewa bai san sigar kan fayil ɗin ba, kuma ko da an yi amfani da sabon pg_restore, masu PostgreSQL ba su yi alkawarin cewa abin da sabon pg_dump ya fitar zai shiga tsohon rumbu lafiya ba. Ranar da ake bukatar kwafi kuwa rana ce ta tashin hankali, ba ranar da za a tsaya gwaje-gwaje ba. Saboda haka na sa kayan sigogin biyu, kowanne a foldarsa, na kuma sa umarnin ya fara tambayar rumbun lambarsa ta hanyar server_version_num, wadda take dawo da adadi kamar 150005 ko 160001, ya zaɓi foldar da ta dace, idan kuma bai sami wadda ta dace ba ya tsaya ya rubuta dalili. Yanzu yana rubuta kwafin da sunan wucin gadi, sai pg_dump ya fita lafiya kuma pg_restore ya iya jero abin da ke ciki sannan a ba shi sunansa na gaskiya. Kalmar sirrin da yake amfani da ita na cire ta daga cikin umarnin na mayar fayil ɗin pgpass, wanda a Linux ba a ma karanta shi idan izininsa ya wuce 0600. Na kuma roƙi masu rubuta manhajar su sa wani layi a shafin farko na shugaban makaranta da yake nuna ranar da aka ɗauki kwafi na ƙarshe da girmansa, ya koma ja idan an wuce kwana biyu.

Takardar nan da na rubuta sigar kowane fayil a cikinta, wadda wani abokin aikina ya taɓa yi mini dariya a kanta, ta yi ranarta a Fabrairun 2024, lokacin da aka sanar da wata ɓaraka a direban PostgreSQL mai lamba CVE-2024-1597, wadda take ba da damar cusa umarnin SQL idan an sauya yanayin aika tambaya zuwa wanda ake kira simple. Ba mu taɓa wannan saiti ba, kuma ba shi ne na asali ba, amma a baya da sai mun kira kowace makaranta muna roƙon wani ya buɗe folda ya karanto mana sunan fayil kafin mu san inda muke. Wannan karon na buɗe takardar, na ga direban da ke hannun kowa, na duba context.xml guda ɗaya da kowa yake amfani da shi, na ba shugabanmu amsa kafin azahar. Duk da haka na ɗaga direban zuwa 42.6.1 da aka yi gyaran a cikinta, na goge kwamfutar gwaji, na sake bin matakan tun daga girkawa har zuwa mayar da kwafi a kan PostgreSQL 15 da 16, na fitar da ƙunshi na uku. Da yake direban yana wuri ɗaya ne a lib, aikin ma'aikacinmu a kowace makaranta bai wuce ya tsayar da Tomcat, ya cire tsohon fayil, ya sa sabo, ya tayar ba. Na ƙara masa abu ɗaya a takardar tafiyarsa, cewa kafin ya bar kowace makaranta ya ɗauki kwafin jiya ya mayar da shi cikin wani rumbu na gwaji, ya ƙirga ɗaliban da ke ciki, ya turo mini adadin ta saƙon waya tare da wanda akawun makarantar ya faɗa masa.